Yadda rada ke gane irin jirgin da bai faɗi sunansa ba

Wani ɗalibi daga Pantami a Gombe ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ina da manhajar Flightradar24 a wayata. Duk jirgin da ya taso daga Abuja zai sauka Lawanti ina ganin kamfaninsa da irinsa da nisansa daga ƙasa. Amma kwanaki wani mai saukar ungulu ya ratsa ta kanmu da daddare, na buɗe waya ban ga komai ba. Shin rada tana iya gane irin jirgi idan bai bayyana kansa ba? Yaya take bambance na fasinja da na yaƙi, ko jirgi da tsuntsu?"

Ƙanena, bari mu fara da wayar taka, don abin da kake gani a cikinta ba aikin rada ba ne, duk da sunan da manhajar ta laƙaba wa kanta. Jirgin ne da bakinsa yake faɗin ko shi wane ne. Akwai wata na'ura a cikinsa da ke ta shelar lambarsa da inda yake da gudunsa a kan megahaz 1090, tsarin da ake kira ADS-B. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suka kafa ƙananan eriyoyi a rufin gidajensu suna tsintar wannan shela suna turawa intanet. Kowane jirgi yana da lambarsa da ba ya tarayya da kowa a kanta, cikin lambobi fiye da miliyan 16 da tsarin ke iya ɗauka, to sai kwamfuta ta duba rajista ta ce maka wannan Boeing 737 ne na kamfani kaza. Idan matuƙi ya kashe na'urar, ko jirgin na soja ne da aka nemi a ɓoye shi, ko yana tafiya ƙasa-ƙasa inda babu eriyar da za ta ji shi, wayarka ba za ta nuna komai ba. Mai saukar ungulun da ya ratsa Pantami zai iya faɗawa cikin kowane ɗaya daga ukun nan.

Ita kanta rada iri biyu ce, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Akwai mai tambaya, akwai mai sauraron amsa-kuwwa. Mai tambaya tana aika kira a kan megahaz 1030, kamar mai gida ya ji motsi a zaure ya ce "wane ne nan?", jirgi kuma ya amsa a kan 1090 da lamba huɗu da masu kula da zirga-zirga suka ba shi da kuma tsayin da yake a sama. Wasu lambobin an keɓe su: 7500 an yi fashin jirgi, 7600 rediyo ta lalace, 7700 ana cikin haɗari. Tsarin rada na Najeriya da hukumar NAMA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama ke gudanarwa, wanda aka ƙaddamar a 2010 da kayan kamfanin Thales na Faransa, yana da tashoshi tara. Huɗu daga ciki, wato Legas da Abuja da Kano da Fatakwal, suna da iri biyun duka. Sauran biyar, Maiduguri da Ilorin da Numan da Obubra da Talata Mafara, masu tambaya ne kawai. Ka ga ke nan tashar da ta fi kusa da kai, ta Numan, an kafa ta ne don jirgin da ke amsa sallama. Wanda ya ƙi amsawa, a wajenta babu shi. Haka jirgin Malesiya mai lamba 370 ya ɓace wa masu kula da shi a ranar 8 ga Maris 2014: na'urar amsawarsa ta yi shiru, sai daga baya aka tarar radar sojan ƙasar, mai sauraron amsa-kuwwa, ta ga wani ɗigo yana juyowa yamma.

To wannan ɗigon shi ne ainihin tambayarka. Me za a iya tatsa daga cikinsa?

Rada tana harba ƙarfin rediyo na ɗan ƙanƙanin lokaci, sai ta yi tsit tana jiran abin da zai dawo. Saƙon yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka jirgin da ke nisan kilomita 150, kamar tsakanin Bauchi da Gombe, amsarsa za ta dawo cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Daga lokacin ake samun nisa, daga inda eriya ta fuskanta ake samun sashe. In aka bi ɗigon na 'yan mintoci an san gudunsa da hanyarsa, kuma wannan kaɗai yana rage zato sosai. Abin da ke gudun kilomita 850 a awa, a miƙe sambal, a tsayin mita 11,000, da wuya in ba jirgin fasinja ko na kaya ba. Abin da ya tsaya cak a sama ba Boeing ba ne. Sai dai jirgin yaƙi yana iya kwaikwayon tafiyar na fasinja idan ya ga dama, don haka tafiya hujja ce mai rauni.

Ƙarfin amsar ma ba abin dogaro ba ne, ko da yake shi ne hankali ke fara kaiwa gare shi. A ƙiyasi, babban jirgin fasinja yana maido da ƙarfi kamar faifan ƙarfe mai faɗin murabba'in mita 100, mutum kamar 1, tsuntsu kamar kashi ɗaya bisa ɗari. Amma ka tuna yadda gilashin mota ke kashe maka ido da rana idan ta karya kwana, daƙiƙa ɗaya bayan haka kuma babu hasken. Jirgi ma haka yake yi wa rada: ya ɗan karkata kaɗan, ƙarfin amsar ya ninka sau goma ko ya faɗi sau goma. Ni kam idan ɗalibi ya kawo min aikin da ya rarraba jirage da ƙarfin amsa kaɗai, nakan mayar masa.

Inda dukiyar take shi ne a cikin muryar amsar. Ka san yadda jiniyar ayarin gwamna take idan ta doso ka: muryar siririya ce, tana wuce ka sai ta yi kauri. Wani Ba'ostiriye mai suna Christian Doppler ne ya bayyana dalilin haka a 1842, kuma da sunansa ake kiran abin har yau. Saƙon rediyo ma haka yake. Radar da ke aiki da zango mai tsawon santimita 10, idan jirgi ya doso ta da gudun mita 200 a daƙiƙa, amsar za ta dawo da ƙarin bugu 4,000 a daƙiƙa a kan abin da aka aika. Wannan adadi yana cikin abin da kunnen mutum ke iya ji, shi ya sa masu aiki da wasu radodin soja sukan sa abin sauraro a kunne, su bambance mota da mutum mai tafiya da ƙafa daga sautin kawai, kamar yadda bakaniken babura a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi zai ce maka Boxer ce ke zuwa tun bai ɗago kai ba.

Yanzu ka lura da wannan: jirgi ba dunƙulen ƙarfe ɗaya ba ne. Gangar jikinsa tana tafiya da gudu ɗaya, amma akwai sassan da ke juyawa a jikinsa, kuma kowane sashe yana ƙara tasa muryar a cikin amsar. Aikinmu shi ne warware waɗannan muryoyi, da lissafin da Bafaranshen nan Joseph Fourier ya wallafa a 1822. Ranar hawan Sallah a ƙofar Sarkin Bauchi, ƙara ɗaya ce ke shiga kunnenka, amma kana iya cewa ga kakaki, ga algaita, ga tambari. Lissafin Fourier abin da yake yi wa amsar rada ke nan, sai dai shi yana rubuta kowace murya da adadinta.

Mai saukar ungulu ya fi kowa tona wa kansa asiri, don haka bari in daɗe a kansa tunda shi ya tayar da maganar. Kowane fiffike na farfelarsa doguwar sanda ce. A duk juyi akwai wani ɗan lokaci da fiffiken ke gicciye daidai da rada, sai ya maido da ƙarfi mai yawa farat ɗaya, kamar walƙiya, ya ɓace. Ɗauki Mi-17 na Rasha. Fukafukan farfelarsa biyar ne, faɗin da'irar mita 21.3, tana juyawa kusan sau 192 a minti, wato sau 3.2 a daƙiƙa. Biyar sau 3.2 ya ba ka 16. Ke nan sau 16 a daƙiƙa wani fiffike mai dosowa zai yi walƙiya, sau 16 kuma wani mai komawa zai yi tasa. Da yake biyar ba ta rabuwa biyu, ba a taɓa samun fukafukai biyu a miƙe layi ɗaya ba, saboda haka walƙiyoyin bi da bi suke zuwa: mai dosowa, mai komawa, mai dosowa, 32 a daƙiƙa.

Kwatanta shi da Black Hawk na Amurka: fukafukai huɗu, juyi 258 a minti, wato walƙiya 17 da 'yan kai a daƙiƙa. 16 da 17 ai kusan abu ɗaya ne, mai ƙirga adadi kaɗai zai iya ruɗewa. Amma da yake huɗu tana rabuwa biyu, duk lokacin da wani fiffike ke dosowa, kishiyarsa tana komawa a daidai wannan lokacin, sai walƙiyar biyu su faɗo tare. A allon bincike bambancin a fili yake kamar zanen tabarma: ɗaya layuka ne a miƙe sama da ƙasa tare, ɗayan kuma sama, ƙasa, sama, ƙasa. Akwai ƙari. Bakin fiffiken kusan kowane mai saukar ungulu yana gudun mita 200 zuwa 230 a daƙiƙa, don masu ƙira ba sa son ya kusanci gudun sauti. Idan ka auna wannan gudu daga faɗin muryar, ka haɗa da yawan walƙiya, za ka fitar da tsawon fiffike ɗaya a rabe da yawansu. Na Mi-17 ya kama mita 2.13. Wannan adadi kamar tsagen fuska ne, yana nuna gidan da jirgi ya fito, sannan ƙaramar farfelar wutsiya ta ƙara shaida.

Abin takaici, waɗannan iyalai biyu an taɓa rikita su da ido. A ranar 14 ga Afrilu 1994, jiragen F-15 biyu na Amurka sun harbo Black Hawk biyu na ƙasarsu a arewacin Iraƙi, matuƙan sun leƙa sun ɗauka Mi-24 ne na Iraƙi, mutum 26 suka mutu. Mi-24 shi ne uban Mi-35 da sojan samanmu ke amfani da shi, kuma fukafukansa biyar ne kamar na Mi-17.

Jirgi mai injin jet ma yana da fanka, sai dai tana cikin rami. Idan ka tsaya gaban jirgi a filin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa za ka hango ta a bakin injin. Saƙon rada yana shiga ramin, ya bugi fukafukan, ya fito a yayyanke. Injin CFM56-7B da ke kan Boeing 737-800 fankarsa tana da fukafukai 24. CFM56-5B da ke kan Airbus A320 da yawa tana da 36. Dukansu suna juyawa wajen sau 5,000 a minti idan an ba su wuta sosai, kimanin 83 a daƙiƙa. To na farko zai bar layi a wajen bugu 2,000 daga muryar gangar jiki, na biyu a wajen 3,000. A bayan fanka akwai wani jerin fukafukan da adadinsu daban ne, su ma suna barin nasu layukan, kuma daga tazarar layukan ake fitar da gudun juyawar da adadin fukafukan kowane jeri. Jiragen F-15 sun yi amfani da wannan dabara a yaƙin Tekun Fasha na 1991 don tantance jirgin da ido bai kai gare shi ba. Amma ka kula da iyakarta. Injin take ganewa, ba jirgi ba, kuma inji ɗaya yana iya hawa jirage iri-iri. Dangin CFM56 suna kan jiragen fasinja, suna kuma kan jiragen soja masu ba da mai a sama. Sannan dole rada ta hango cikin ramin, daga gaba ko daga baya. Jirgin da ya ba ta gefe ya rufe bakinsa. Masu ƙera jiragen da ke ɓuya daga rada sun san da haka, shi ya sa suke lanƙwasa hanyar iskar injin don kada a hango fanka, F-117 kuwa raga aka sa masa a baki.

Masu farfela a hanci, irin Super Tucano goma sha biyu da Najeriya ta karɓa a 2021, suna tsakiya: farfela mai fukafukai biyar a fili, gajeru, masu juyawa da sauri fiye da na mai saukar ungulu nesa ba kusa ba.

Hanya ta biyu ita ce auna surar jirgin. Radar filin jirgi tana ganin duk abin da ke cikin mita 150 a matsayin ɗigo ɗaya. Idan aka faɗaɗa zangon da take aikawa zuwa megahaz 500, za ta iya raba abubuwan da ke tsakaninsu santimita 30 kacal. A nan jirgi mai tsawon mita 39.5 ya daina zama ɗigo, ya zama jerin tuddai: hanci, gilashin matuƙi, bakin injina, gindin fukafukai, wutsiya. Boeing 747 na alhazai, mai fiye da mita 70, ba mai rikita shi da ƙaramin jirgin yaƙi irin Alpha Jet a wannan ma'auni. In kuma jirgin yana ɗan juyawa, ana iya haɗa wannan da lissafin Doppler a fitar da wani dishi-dishin hoto mai tsawo da faɗi. Matsalar ita ce jerin tuddan yana sauyawa da zarar jirgin ya karkata da digiri ɗaya ko biyu, sai ya zama kowane jirgi yana bukatar ɗaruruwan samfura a ajiye.

A nan ne nake saɓawa da ɗalibai masu zumuɗin ƙirƙirarriyar basira. Gaskiya ne yau ana ɗaukar hoton muryoyin nan a ba kwamfuta dubbai, ta koyi rarrabewa da kanta, kuma tana yi da kyau. Sai dai abin da aka nuna mata kaɗai ta sani. Ka koya mata jirage goma, na sha ɗaya ya zo, za ta cusa shi cikin ɗaya daga goman ta ce ta tabbata. Lissafin yana cikin littattafai, kowa na iya karantawa. Abin da ƙasashe ke ɓoyewa kamar ransu shi ne rumbun samfuran: muryar kowane jirgi, daga kowace kusurwa, a kowane zango, wanda aka tara shekara da shekaru. Ƙasar da ta sayi rada ba ta da nata rumbun, abin da mai sayarwa ya ga damar zuba mata shi take gani.

Tsuntsu da ƙaramin jirgi maras matuƙi su ne ciwon kan wannan zamani, don girmansu ɗaya a idon rada, gudunsu ɗaya, kuma duka ƙasa-ƙasa suke bi. Nan ma murya ce ke raba gardama. Tsuntsu yana kaɗa fiffike 'yan sau kaɗan a daƙiƙa, ya huta, ya sake. Farfelar ɗan jirgin tana juyawa sau dubbai a minti ba hutawa. Wanda ke ba da wahala shi ne mai shawagi, irin shamuwa idan ta iso da farkon damina ko shirwa da rana tsaka, da za su buɗe fukafukai su bi iska ba ko motsi. Hazo kuwa, da ke hana jirage sauka a Bauchi da Gombe cikin hunturu, bai cika damun rada ba; ido yake rufewa. Ruwan sama mai ƙarfi ya fi shi cika mata allo da tarkace.

Duk wannan fa zato ne mai ƙarfi ko mai rauni, kuma mutum ne ke yanke hukunci a kansa, sau da yawa cikin tsoro da ƙarancin lokaci. A ranar 3 ga Yuli 1988 jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Vincennes ya harbo Airbus A300 na Iran, mutum 290 suka halaka. Ma'aikatan sun ɗauka F-14 ne yana saukowa kansu, alhali bayanan da na'urorinsu suka naɗa sun nuna jirgin hawa yake yi, a kan hanyar jiragen fasinja, yana kuma amsawa da lambar farar hula. A ranar 8 ga Janairu 2020 dakarun Iran su ma suka harbo Boeing 737-800 na Yukiren da ya taso daga Tehran da mutum 176.

Mu dawo Pantami. Ko da a ce akwai rada mai sauraron amsa-kuwwa a kusa, abu biyu za su tsaya mata. Na farko, duniya a lanƙwashe take. Eriya mai tsayin mita 25 tana hango jirgin da ke mita 10,000 a sama daga nisan fiye da kilomita 400, amma wanda ke mita 100 daga ƙasa sai ya matso kusan kilomita 60, kuma wannan a fili ne fetal. In akwai tsauni irin Bima a tsakani, duk abin da ke bayansa ya shiga inuwa. Shi ya sa idan ana muhawarar jirage masu saukar ungulu da ake cewa ana gani a dazuzzuka, mai cewa "ai da rada ta gan su" bai san yadda take aiki ba, haka ma mai ɗaukar shirunta a matsayin hujjar cewa ana ɓoye wani abu. Na biyu, radar filin jirgi tana zagayawa sau ɗaya cikin daƙiƙa huɗu zuwa biyar, kuma haskenta siriri ne, bai kan wuce kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa a kan jirgi ɗaya ba. Tsakanin walƙiya da walƙiya na Mi-17 kashi 31 ne. Ke nan sau da yawa za ta wuce ba ta kama ko guda ba, balle ta ƙirga. Mai son gane iri sai ya samu radar da za ta ƙura wa jirgi ido, irin ta hancin jirgin yaƙi ko ta masu kakkaɓo jirage daga ƙasa. Ta filin jirgi ba don haka aka yi ta ba.

Tunda ɗalibi ne kai, gwada da hannunka. Akwai wata 'yar na'ura mai arha da ake kira HB100, irin wadda ake sa wa ƙofofi masu buɗe kansu, tana aiki a kan megahaz 10,525. Duk mita ɗaya a daƙiƙa na motsi tana mayar da shi bugu 70, wato sauti ne da za ka iya ji. Ka haɗa mata ɗan amfilifaya don muryarta ƙasa take, ka jona a ramin makirfo na kwamfuta, ka buɗe manhajar Audacity a fuskar da ke zana muryoyi. In an kawo wuta ka kunna fankar silin mai fukafukai uku, ka hau tebur ka nuna mata na'urar daga gefe, nesa da inda hannunka zai kai ga fankar. Kada ka tsaya a ƙarƙashinta, don daga nan fukafukan ba sa dosowa ba sa komawa, ba za ka samu komai ba. Idan tana juyawa sau biyar a daƙiƙa ya kamata ka ƙirga walƙiya 30. Ita wannan na'ura ba ta bambance mai dosowa da mai komawa, duka gefe ɗaya take zuba su, saboda haka fanka mai fukafukai uku da mai shida za su ba ka adadi ɗaya a gudu ɗaya. In ka samo mai huɗu, ita 20 za ta ba ka. Ka turo min hoton allon in ka yi.